Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙanena mai tambaya kan hijirar jami'o'in Amurka da jesinsu

Assalamu alaikum ƙanena, fatan kana lafiya ya gida ya karatu.

Na ga tambayarka, kuma tunda a gaban jama'a ka yi ta to bari nima in amsa a gaban jama'a, don na san ba kai kaɗai abin yake ɗaure wa kai ba. Ka ce wai "Yaya, su jami'o'in Amurkan nan da suke ta tashi daga wannan rukuni suna komawa wancan, idan sun koma dole sai sun canza jesi ne? kuma ita Oregon da kullum da irin rigar da take sakawa, ba rashin asali ba ne wannan?" Amsar farko a takaice ita ce a'a, ba sa canzawa, kuma dalilin da ya sa ba sa canzawar shi ne ainihin labarin. Ta biyun kuma ban yarda da kai ba, amma zan zo kanta.

Da farko dai ka cire tsarin Firimiya daga ranka. A ƙwallon jami'o'in Amurka, wato wadda ake ɗauka a hannu ana sanye da hular kwano, babu faɗawa ƙaramin rukuni babu hawa babba saboda maki. Rukuni ƙungiyar makarantu ce da suka haɗa kai suna buga wasa da juna, suna sayar da haƙƙin nuna wasannin a talabijin tare, su raba kuɗin. Ko ka zo na ƙarshe shekara goma a jere kana nan daram, ko ka ci kofi ba wanda zai ɗaga ka sai in an gayyace ka. Kuma kar ka ga an ce jami'a ka ɗauka ɗan filin bayan hostel ne, filin Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, ya fi Wembley ya fi Old Trafford nesa ba kusa ba.

Tushen rigimar tun 1984 ne, lokacin da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ta ce hukumar ba ta da ikon riƙe haƙƙin talabijin na kowa da kowa ita kaɗai. Daga ranar kowane rukuni ya zama ɗan kasuwa mai cin gashin kansa, wanda ya fi tara makarantun da ake kallo shi ya fi samun kwangila mai tsoka. An yi ta ƙananan hijira tun daga nan, amma wadda kake gani yanzu ta fara ne a Yulin 2021 da Texas da Oklahoma suka ce sun bar rukunin Big 12 sun tafi rukunin SEC. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 30 ga Yunin 2022, jami'o'in USC da UCLA, dukansu na birnin Los Angeles, suka ce su ma sun bar rukunin Pac-12 sun koma rukunin Big Ten, ba a yi wata biyu ba sai ga Big Ten ta sanar da kwangila da tashoshin talabijin na Fox da CBS da NBC ta shekara bakwai a kan sama da dala biliyan 7. To ka ga ba sai an yi maka fassara ba.

Ita kuwa Pac-12 tarihinta ya koma har 1915, kirarinta ma rukunin zakaru, amma ta kasa samun kwangilar da za ta riƙe 'ya'yanta, tashar talabijin ɗin da ta buɗe da kanta a 2012 ba ta kawo abin da aka yi tsammani ba, tayin da ya zo mata a ƙarshe kuma na Apple ne wanda kallonsa ta intanet ne kuma kuɗin ya dogara da yawan masu biyan kuɗin shiga, makarantu suka duba suka ga ba za su iya ba. Colorado ta fara zamewa a ƙarshen Yulin 2023, sai ranar 4 ga Agusta a rana ɗaya Oregon da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12, kowa tasa ta fishshe shi. Farkon Satumba Stanford da Cal suka shiga rukunin ACC. Makarantu goma sha biyu sai ga shi saura biyu, Oregon State da Washington State, an bar su da gida ba kowa.

Wlh abin har dariya yake ba ni wani lokacin. Big Ten sunanta goma amma makarantunta 18, Big 12 tana da 16, ita kuma ACC da sunanta yake nufin gaɓar tekun Atlantika yanzu tana da Stanford da Cal waɗanda tekun Pasifik ne a bayan gidansu. SMU ta birnin Dallas ma da ta shiga ACC tare da su yarda ta yi ta haƙura da kason kuɗin talabijin na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin, ita dai a ba ta kujera a zauren manya.

To yanzu jesi. Rukuni ba shi da ta cewa a kan launin rigar makaranta. Wannan tsakanin makarantar ne da kamfanin da ke ɗinka mata kaya, Nike ko Adidas ko Under Armour, kuma kwangila ce daban da kuɗinta daban. Abin da yake canzawa idan an yi hijira ɗan baji ne kawai a ƙirji wajen kafaɗa, wanda bai kai tafin hannu ba, a cire na Pac-12 a ɗinka na Big Ten, shi ma galibi da launin makarantar ake yinsa, sai kuma tambarin da ake fentawa a kan ciyawar fili. Shi ke nan fa. Ka duba hoton USC na 2023 da na 2024, ja ne mai duhu da ruwan gwal, babu sunan ɗan wasa a baya kamar yadda suka saba, in ba ka matso da hoton ba ba za ka ga bambanci ba. Texas ma haka, lemo ɗin nan nata mai kama da wanda ya ƙone da kan sa mai dogayen ƙaho a jikin farar hula, da shi ta shiga SEC.

Kuma ai ba za su canza ba, saboda rigar ce aka saya. Fox ba ta zuba biliyoyi don tana son ɗakin karatun USC ba, tana so ne mutumin da yake Ohio ko Florida yana danna rimot ranar Asabar ya hango ja da gwal suna karawa da shuɗi da rawayan Michigan ya tsaya. 'Yan wasan jami'a shekara uku huɗu suke yi su wuce, yanzu ma da aka sassauta dokar sauya makaranta wani shekara ɗaya zai yi ya ƙara gaba, koci ma yau yana nan gobe ya tafi inda aka fi biya, abin da ya rage wanda mai kallo yake ganewa daga nesa shi ne launi da hula. Mai shagon da ya tashi daga tsohon layi a kasuwa ya koma sabuwar plaza ai allon sunansa yake fara ɗauka kafin kaya, don da shi kwastoma zai gane shi.

Tambarin da ya sha wahala a wannan harka ma na rukunin ne ba na makarantu ba. Da Penn State ta shiga Big Ten a 1990 suka zama sha ɗaya, sai aka yi dabara aka ɓoye lamba 11 a cikin rubutun sunan, in ka lura da farin da ke gefen harafin T za ka gan ta. Da Nebraska za ta shigo suka ga abin ba zai ɗore ba, sai aka koma B1G ɗin nan da kake gani, 1 da G suna kama da 10, ba ruwansa da ko su nawa ne. Wanda ya zana wannan kam ya hango nesa.

Sai maganar Oregon da ka ce ba ta da asali. Ƙanena ai canjin shi ne asalin nata. Phil Knight wanda ya kafa Nike ɗan tseren gudu ne a jami'ar Oregon, kocinsa Bill Bowerman shi ne abokin kafa kamfanin a 1964 tun yana Blue Ribbon Sports. Oregon tana garin Eugene ne can arewa maso yamma, ba ta da tarihin kofuna irin na Alabama ko Notre Dame, ba ta kuma zaune a jihar da take cike da yara 'yan ƙwallo irin Texas ko Florida. To da me za ta ja yaro ɗan shekara 17 daga Kalifoniya ya zo garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa? Daga 1999 suka fito da sabon tambarin O da sabon salo, daga nan abin ya zama kusan duk mako da haɗin da za a fito da shi, yau kore da rawaya, gobe baƙi wuluk, jibi fari fat, wata rana fukafukai a kafaɗa. A wasan Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka da ake yi a Kalifoniya, na Janairun 2012 da suka kara da Wisconsin sun fito da hular kwano mai ƙyalli kamar madubi har kana ganin fitilun fili a jikinta, suka kuma ci 45 da 38. Yaran suka gani suka so, makarantu da yawa suka kwaikwaya, wasu abin ya karɓe su wasu kuma sai dai a ce Allah ya kyauta, Maryland da ta fito da rigar tutar jiharta a 2011 har yau ana gardama ko gwaninta ce ko ɓarna.

Idan kana son ganin ɗaya ɓangaren ka dubi Penn State. Riga shuɗiya mai duhu, farin wando, baƙin takalmi, farar hula da layi ɗaya tal a tsakiya, babu tambari a gefe, babu suna a baya, sun ɗan saka sunaye daga 2012 zuwa 2014 sannan suka sake cirewa. Alabama lamba ce kawai a gefen jar hularta. Michigan tun 1938 take da zanen fukafukin nan a goshin hula. Su waɗannan rashin canjin shi ne hajarsu, kamar yadda canji yake hajar Oregon, kowa da abin da yake sayarwa. Kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne a shekarar farko ta Oregon a Big Ten, 2024, su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe na rukunin a Indianapolis, mai canza riga kullum da wanda ya ƙi canzawa tun zamanin kakanni, Oregon ta ci 45 da 37. Don haka duk mai cewa ado ne kawai babu ƙwallo sai ya sake duba allo.

Ni abin da yake damuna ba rigar ba ce, wanda rigar take fuskanta ne. Jesi ba ya yin ma'ana shi kaɗai, sai ka gan shi a gaban na abokin gaba. Oklahoma da Oklahoma State sun fara karawa tun 1904, wasan da ake kira Bedlam, jiha ɗaya, gida ɗaya za ka samu wa yana wannan ƙani yana wancan, an buga na 2023 Oklahoma State ta ci 27 da 24 daga nan aka rufe shafin kowace shekara saboda ɗaya ta tafi SEC. Rose Bowl tun 1947 al'adarsa zakaran Big Ten ya haɗu da zakaran yamma wato na Pac-12, to a Janairun 2025 Oregon da Ohio State ne suka buga shi, dukansu da bajin B1G a ƙirji. Gaskiya ba duka aka yi asara ba, Texas da Texas A&M da suka rabu tun bayan wasan 2011 hijirar ce ta sake haɗa su a 2024, USC da UCLA kuma da yake tare suka tafi har yanzu suna wasansu da kowa yake saka rigar gida, ja a nan shuɗin sararin sama a can babu mai saka fari, wanda a ganina babu wasan da ya kai shi kyau a ido a duk Amurka.

Sannan akwai waɗanda ba a nuna su a talabijin. Daga Los Angeles zuwa Rutgers a New Jersey kusan kilomita 3,900 ne, da bambancin agogo awa uku. 'Yan ƙwallon hula wasa ɗaya suke yi a mako kuma jirgin shata ake ɗaukar musu, amma 'yan wasan raga da ƙwallon kwando da sauran ƙananan wasanni, mata da maza, su ma an ja su cikin wannan tafiyar alhali suna da lacca da jarrabawa, kuma ba don su aka yi cinikin ba. Chip Kelly lokacin yana kocin UCLA ya taɓa ba da shawarar a ware ƙwallon hula ita kaɗai ta yi tsarinta a bar sauran wasanni su ci gaba da buga maƙwabtansu, ni dai ban ga aibin maganar ba har yau.

Ka tuna Super League ta Turai a Afrilun 2021, kulob 12 suka ce za su ware, magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya ruguje. A Amurka irin wannan ne ya faru sai dai a hankali a hankali, makaranta biyu bana uku baɗi, babu rana ɗaya da za a ce yau ce ranar zanga-zanga, kuma magoya bayan waɗanda aka gayyata murna ma suke yi. Su Oregon State da Washington State sai da suka je kotu kafin suka karɓi ragamar Pac-12 da dukiyarta, suka shiga tattaro irin su Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State da Gonzaga domin a sake tsayawa daga 2026, sunan dai shi ne amma waɗancan makarantun ma ai daga wasu rukunan aka yago su, na ƙasa da su kuma su yago na ƙasa.

In kana son sanin inda rigar za ta iya canzawa da gaske to ba wajen launi za ka duba ba, wajen talla ne. Tun 2021 'yan wasa suka samu damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko kowace makaranta, kuɗin nan dole ya fito daga wani wuri. Tun kakar 2024 NCAA ta yarda a zana tambarin kamfanoni a kan filin wasa, kuma wanda ya samu shiga fili ai ƙirjin riga ba zai yi masa nisa ba. Oregon ba za ta ji komai ba don ta saba, amma ina so in ga wane ne a Penn State zai iya tsayawa gaban tsofaffin ɗalibai ya ce musu za a manna sunan banki a kan rigar da suka ƙi yarda a saka mata ko da sunan ɗan wasa.

Ka gaida su Umma da kowa da kowa.

Yayanka.