Zuwa ga aminina, kan batun sandunan hawan dutse

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Mambila? Mu nan Sakkwato hunturu ya sauka sosai, da safe hazo kan rufe gadar Kwalkwalawa har ba ka hango ƙarshenta.

Na ga saƙonka cewa kai da abokan aikinka kun ɗaura niyyar hawan Chappal Waddi kafin damina ta faɗi, kana tambaya ko ka sayi sandunan nan biyu na ƙarfe da masu hawan dutse ke dogarawa. Ka saya, amma ka saurare ni tukuna.

Dutsen nan mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya, kuma ni da kai mun wuce shekarun da gwiwa ke yafe wa mutum. Hawa numfashi yake ci, in ka huta ya dawo. Gangarowa ita ce ke cin gwiwa, domin duk takun da ka yi, nauyinka da na jakar bayanka a kan ƙafa ɗaya suke sauka. Na ga haka da idona a Dutsen Hira lokacin Umara: dattawan da suka hau da kuzarinsu, da aka zo saukowa sai ga su suna takawa a karkace, hannu ɗaya dafe da gwiwa, ɗaya yana laluben dutse. Tun daga nan na sayi nawa. In ka kafa sanda a gabanka kafin ka sauke ƙafa, hannu da kafaɗa sun karɓi wani kaso na nauyin ke nan, washegari kuma za ka tashi sallar asuba ba tare da ka ji sujada ta zama aiki ba.

Sai tsallake ruwa. Dajin Gashaka-Gumti, inda dutsen yake, ƙoramu ne da duwatsu masu santsi, kuma da sanda za ka auna zurfi kafin ka jefa ƙafa. Haka cikin doguwar ciyawa: gara sanda ta riga ƙafarka isa inda maciji ke kwance.

To ga inda nake jin tsoro. Hannuwanka biyu a ɗaure suke. In hanya ta miƙe tsaye, inda dole ka kama dutse ko saiwa, sandunan sun zama kaya, har su harɗe ka. Igiyar da ke wuyan sandar kuma, in santsi ya kwashe ka alhali hannunka na cikinta, tana iya murɗe maka wuyan hannu ko babban yatsa. Saboda haka a wuri mai hatsari ka zare hannunka daga igiyar, don in faɗuwa ta zo ka iya sakin sandar. Makullin da ke riƙe tsawonta ma yakan saki, sandar ta shige cikin kanta daidai lokacin da ka ɗora mata nauyi. Nawa yashin fadamar Rima ne ya fara cinye musu makulli, don haka kullum nake dubawa kafin in fita.

Abin da ya fi damuna shi ne sabo. Akwai wanda na sani, matashi ne ma, yanzu ko tudun da bai taka kara ya karya ba sai da sanduna, ƙafarsa ta daina yarda da kanta. Dubi Fulanin da ke kora shanu ta wajen Wamakko: yini guda makiyayi yana tafe, sandarsa a gicciye bisa kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, ba ya kafa ta ƙasa sai da dalili. Haka nake so ka yi. A miƙaƙƙiyar hanya ka naɗe su ka saƙale a jaka.

In za ka saya, ka nemi na alminiyam. Na kabon, wato waɗanda aka yi da wani irin zare mai ƙarfi maimakon ƙarfe, sun fi rashin nauyi, sun fi tsada, amma in suka maƙale tsakanin duwatsu karyewa suke yi, alhali alminiyam lanƙwasa yake yi, ka lallaɓa da shi har gida. Wajen tsawo, ka tsaya a miƙe ka riƙe sandar, damtsenka na manne da jiki, hannu ya miƙe gaba daidai da ƙasa. In za ka hau ka rage kaɗan, in za ka sauka ka ƙara. Kada ka yar da robar bakin, tana hana tsinin karce dutse da ƙarar nan mai damun abokan tafiya. Kuma don Allah kada ranar hawan ta zama ranar farko da za ka riƙe su. Ka gwada su a tuddan Gembu tun yanzu, har kafaɗarka ta saba, don ita ma za ta yi tsami.

Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar, in sa ku a addu'a. Ka gaida mutanen gida, ka ce wa Inna ina neman albarka. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Naka,
amininka na Birnin Shehu