Godiya ga Baba Injiniya da yaransa na Sabon Gari, kan radar da suka ɗaura mana a jirgi

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu za su ce me ya haɗa Bazazzagi da jirgin ruwa, mu da ko Kubanni ba ta ɗaukar kwalekwale da rani. To ni sana'ata kifi banda nake sarowa daga Yawuri in kawo Zariya, kuma shekara biyu kenan ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi ɗan jirgi mai inji, yana ɗauko mana kaya da mutane daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Wannan wasiƙa ta godiya ce ga wani shagon gyaran kayan lantarki da sadarwa da ke Sabon Gari, su da mai shagon da kowa ke kira Baba Injiniya. Ban ambaci suna ba don shi ya roƙe ni kar in yi, amma wallahi zuciyata ba za ta bar ni in yi shiru ba.

Abin da ya sa muka nemi rada, wato na'urar da ke nuna wa matuƙi abin da ke kewaye da jirgi a kan allo, hazo ne. Duk wanda ya taɓa hawa Kainji da hunturu ya san in hazo ya sauko da sassafe, gaban jirginka ma da ƙyar kake gani, sai dai ka ji ƙarar injin wani yana tahowa ba ka san ta ina ba. Kuma tun hatsarin jirgin ruwa na Warrah a watan Mayun 2021, wanda mutane da yawa suka rasu a cikinsa, Allah ya jiƙansu, hankalina bai taɓa kwanciya ba in jirginmu na kan ruwa. Sai yaya ya samo wata rada ta hannu ƙirar Furuno daga Legas, irin wadda eriyarta ke cikin rufaffen kwano ɗin nan, da allonta da kebul ɗinta. Wani mai wayarin ya ce kawai a ɗaure ta kan rumfa a ja waya zuwa batir, aikin awa ɗaya ne. Allah ya taimake mu ban yarda ba, na kawo ta Zariya na kai wa Baba Injiniya, don na ji an ce a kwalejin jiragen sama ta nan garin ya koyi aikin rada tun yana saurayi.

Tambayar farko da ya yi min ba ta kuɗi ba ce. Cewa ya yi, "Alhaji, a ina mutane ke zama a jirgin nan, kuma wa ke hawa kan rumfa?" Na ce ranka ya daɗe yaran jirgi kullum suna kan rumfar, nan suke jera kwandunan kifi. Ya girgiza kai ya ce to ba za a sa ta nan ba. Ya yi min bayani cewa irin wannan rada tana harba igiyar lantarki mai ƙarfi, kusan kilowat 4 a kowane bugu, a zangon gigahaz 9 da ɗoriya, dangin abin da ke cikin na'urar ɗumama abinci ne, kuma ido shi ya fi saurin cutuwa in mutum ya daɗe yana tsaye dab da ita tana aiki. Ya ce hasken nata ba a miƙe yake fita kamar zare ba, yana buɗewa sama da ƙasa wajen digiri 25, don haka dole ta hau sama da kan kowa.

Ya ce shi ba zai ba da shawara daga nesa ba sai ya ga jirgin da idonsa. Dattijo ne fa, kuma kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, amma haka ya ɗauko yaransa biyu muka tafi Yawuri tare.

Abin da na gani a can ba zan manta ba. Ya sa aka kira wanda ya fi kowa tsawo a yaran jirginmu, ya ce ya tsaya a gaban jirgi, sannan ya koma wajen matuƙi, sannan ya hau rumfa, duk inda ya tsaya Baba yana aunawa da tef yana rubutawa a bayan kwalin sabulu. Da wannan awon aka je wajen mai walda aka haɗa turken ƙarfe mai ƙafa huɗu, aka sa masa tokare don kar girgizar inji ta kwance shi. Kwanon ya hau kusan mita 4 daga saman ruwa. Yaya ya so a ƙara tsawo wai don ta hango nesa, Baba ya ce "Malam, a mita 4 tana kaiwa wajen kilomita 8 a kan shimfiɗar ruwa, me kake nema bayan nan? In ka ƙara tsawo ka ɗora wa ƙaramin jirgi nauyi a sama ya riƙa tangaɗi, kuma na kusa da kai, wanda shi ne zai buge ka, ya shige ƙarƙashinta ba ta gan shi ba." Yaya ya yi shiru.

Kafin su taɓa waya ɗaya sai da suka cire kan batir. Suka ja waya mai kauri ta daban daga batir mai bolt 12, suka sa fiyus dab da batir ɗin, da makunni nata ita kaɗai. Kebul ɗin ya yi tsawo, ni na ce a yanke, ƙaramin yaron ya ce a'a Alhaji ba a yanka shi, ya naɗe ragowar ya ɗaure nesa da wayoyin inji, duk ramin da suka huda suka toshe da silikon. Eriyar oba-oba da ta GPS ma sai da aka matsar da su daga saitin kwanon. Sannan wani abu da ya ba ni mamaki, Baba ya ɗauki allon ya matso da shi kusa da kamfas ɗin matuƙi, ina kallo da idona allurar ta karkace, ya ja baya ta dawo daidai, a nan ya sa alama da alli ya ce daga nan ba za ta ƙara matsowa ba.

Washegari muka fita gwaji da rana tsaka, sarari tas, ya ce da gangan ne, a koyi karanta allo lokacin da ido ke iya gaskata shi. Aka kunna ta yi ɗumi na minti ɗaya da rabi, aka saita hancin jirgi kan wani tsibiri har hoton ya zauna daidai gaba. Ya zaunar da matuƙinmu kusan awa uku yana nuna masa wannan gaɓa ce, wannan jirgi ne, wannan tartsatsin igiyar ruwa ne kawai.

Amma abin da ya fi sa na girmama mutumin nan shi ne gaskiyar da ya faɗa mana a gaban kowa. Ya ce rada ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin a 1968 suna nan, kuma ba za ta nuna su ba. Kwalekwalen katako na masunta ma da ƙyar take kama shi. Ya ce kar mu kuskura mu ce mun samu rada mu fara tafiyar dare ko lodin wuce kima, dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, tana nan, rigar kariya kowa ya sa. Har ya rubuta da fenti a jikin turken cewa a kashe rada kafin a hau rumfa, kuma kar kowa ya buɗe kwanon don akwai wuta mai kisa a ciki.

Kuɗin da ya karɓa kuwa, na ji kunya, sai da na haɗa masa da kwalin kifi ya ce wannan kam zai karɓa saboda jikoki.

Hunturun bana matuƙinmu ya kira ni wata safiya muryarsa na rawa, ya ce Alhaji yau allon ya nuna min jirgi yana tahowa ta dama tun kafin in ji injinsa, na rage gudu na kauce, da ya wuce mu cike yake da mata 'yan kasuwa. Baba Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaranka albarka. In Allah ya kai mu bayan salla zan zo da matuƙin ya gaishe ka da kansa, ya ce akwai wani maɓalli da yake so ka sake nuna masa.

Naku,
Mai kifi banda daga Tudun Wada, Zariya