Wasiƙa daga Maraɗi kan targaɗen ƙafarka

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Agadas, ya kuma jiki? Mutanen gida duk suna yi maka sannu.

Na ga hoton da ka turo ta WhatsApp. Idon sawun ya kumbura ta waje, ya yi baƙi-baƙi har gefen diddige. Tunda ka ce ƙafar ta lanƙwashe ta ciki ne da ka diro daga mota, kuma kana takawa ko da ɗingishi ne, da alama targaɗe ne. Jijiyoyin da ke riƙe ƙashi da ƙashi ta gefen waje ne suka miƙe fiye da kima, ko wata ta ɗan yage. Baƙin nan jini ne ya kwanta. Amma in taku huɗu ya gagare ka, ko ka danna ƙashin idon sawun ka ji zafi ya soke ka, ka tafi likita a yi maka radiyo, wato hoton ƙashi, kada a je tsagewa ce.

Maganar da ka yi ta zuwa wurin mai ɗori ce ta tayar mini da hankali. Ban raina masu ɗori ba, amma targaɗe ba gocewa ba ne, babu abin da za a ja ya koma mazauninsa. Murza da gashi da ruwan zafi a kwana biyu zuwa ukun farko ƙara kumburi suke yi. Ƙanƙara za ka nema, irin ta leda ma ta isa. Ka naɗe ta a tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, bayan kowane awa biyu ko uku. Ka ɗaure da bandeji, amma in yatsun suka yi sanyi ko ka daina jin su, ka sassauta. In za ka kwanta, ka tara matasai ƙafar ta fi ƙirjinka tudu. Farasitamol ya wadatar. Tramol na masu talla kuwa, ko kallonsa kada ka yi.

Yanzu ga inda na san halinka. Ranar da zafi ya lafa za ka ce ka warke, da la'asar a gan ka a filin ƙwallo. Zafi yana riga jijiya warkewa, malam. Ƙaramin targaɗe kan ci sati biyu ko uku, babba yana kai watanni, kuma ƙafar da ba a hore ta ba ita ce ke sake turguɗewa a kan ɗan dutsen da bai kai ya kawo ba. Da kumburi ya sauka, ka zauna ka riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsan. Daga baya ka dafa bango ka tsaya da ƙafar ita kaɗai na rabin minti, sai kuma ka gwada ba dafawa. Sai ka iya tsalle a kanta ba zafi sannan ka yi zancen ƙwallo.

Zaman tahiya zai ba ka wuya kwanan nan, ka yi sallarka a kan kujera, addini ya ba ka dama.

Ka turo mini wani hoton ranar Juma'a in ga yadda kumburin yake. Ka gaishe da iyali. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
abokinka na Maraɗi