Uwata, Shawara Ba A Ƙirga Ta A Turance

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kuma sanyin Zariya? Takardar neman tallafin karatun da kika turo ta WhatsApp na karanta ta jiya bayan isha'i, har sau biyu. Ta yi ma'ana, amma kada ki tura ta tukuna. Wuri uku na fara cin birki: kin rubuta "informations", kin rubuta "advices", can ƙasa kuma ga "many equipments".

Ban ga laifinki sosai ba, Hausarki ce ta bi ki har cikin Turancin. Mu muna da bayani da bayanai, shawara da shawarwari, kaya da kayayyaki, shi ya sa hannu da kansa yake liƙa s a ƙarshen kalma. Bature kuwa waɗannan kalmomi kamar gero ya ɗauke su. Kin sha raka mahaifiyarki awo. Kin taɓa jin ta ce a ba ta gero uku? Tiya uku take cewa, ko buhu guda. Ma'aunin ake ƙirgawa, geron yana nan yadda yake. To haka za ki yi da "advice". In guda ɗaya ce, "a piece of advice". In biyu ce, "two pieces of advice". Burodi "a loaf of bread", sabulu "a bar of soap", ai mu ma sandar sabulu muke cewa, mu ce ƙwayar shinkafa inda suke cewa "a grain of rice".

Ni da jan biro na koyi wannan. Farkon kama aikina aka sa ni rubuta jerin kayan da ofis yake buƙata. Na zauna na tsara "furnitures and stationeries" da kyakkyawan rubutuna, ina jin kaina. Maigidanmu bai ce uffan ba, ya zagaye kalmomin biyu da ja, ya ba masinja ya dawo mini da takardar a gaban mutane. Har yau in na ga kalmar "furniture" sai na ji kunyar ranar.

Irin wannan kalma ba ta karɓar "a" ko "an", ba ta karɓar s, kuma "is" ke bin ta, ba "are" ba. Wajen tambayar yawa "how much" za ki ce, "how many" na abin ƙirge ne. Haka "a little" nata ne, "a few" na wancan. In kin rikice a tsakiyar magana, ki fake da "some" ko "a lot of", su kowa nasu ne.

Kada ki ce hankali zai raba miki su, don wani wurin ba ya yi. Me ake ƙirgawa a duniya kamar kuɗi? Amma "money" ba a ƙirga shi, naira ake ƙirgawa. "News" ga s ɗinta a wutsiya, amma "the news is good" ake cewa. "Luggage", "homework" da "evidence" duk 'yan gidan nan ne.

Wasu kuma baki biyu gare su, kuma ɗaya tana cikin takardarki. "Experience" in ƙwarewar aiki kike nufi, ba ta da jam'i. "Experiences" abubuwan da suka faru da mutum ne a rayuwa. Ke ƙwarewa kike son nuna musu, saboda haka cire s ɗin. Kuma "a job" ake nema, ba "a work" ba.

Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo da na saka miki a akwati, ki riƙa buɗe shi. Gaban wasu sunaye za ki ga harafin U ko C: U ba a ƙirgawa, C ana ƙirgawa, wanda ba shi da harafi yawanci ana ƙirga shi, mai baki biyu kuma za ki ga kowace ma'ana da nata harafin. Duk sabon sunan da kika koya, ki rubuta shi tare da ma'auninsa.

Ki gyara ki sake turo mini kafin Juma'a. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce yajin da kukar suna hannun direba, ki je tasha ki karɓa ranar Laraba. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba