Asusun yara a banki: a bar linzami a hannun iyaye

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ce wani abu kan akawun din yara da bankuna ke ta talla a nan Jos. Abu ne mai kyau wallahi, kudin barka da sallah ya daina narkewa a hannun iyaye da sunan "kawo in ajiye maka". Budewa ma ba wuya, takardar haihuwar yaro, hoto, sai BVN da NIN na uba ko uwa tunda bai kai 18 ba.

Inda gizo ke sakar shine bayan an ba yaro dan shekara 14 ko 15 katin ATM. Masu POS sun cika ko'ina daga Terminus har Bauchi Road, ba mai tambayarsa shekarunsa, ga cacar kwallo a waya, ga 'yan damfara masu kira su ce daga banki ne a karanto musu lambar da ta shigo, babba ma yana fadawa balle yaro.

Ni dai rokona, alat ya rika shigowa wayar iyaye duk fitar ko naira dari ce. Uba ya iya yanke adadin da za a cira a rana, ya iya kulle katin ta USSD, wato lambobin da ake dannawa ko a karamar waya, ba sai ya je layi a banki ba, don ba kowa ke da babbar waya ba. Tura kudi zuwa kamfanin caca kuma a toshe shi gaba daya. Babban Bankin Najeriya (CBN) ya sa wannan ya zama dole mana, a kuma daina yankar cajin da ke cinye dan abin da yaro ya tara.

Nagode.
Wani uba daga Unguwar Rogo, Jos