Sanarwa ga Maniyyata Umara: Allurar Rigakafi

Assalamu alaikum, alhazai da hajiyoyi.

Ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe za mu haɗu a ofishinmu na Jekadafari, Gombe, domin duba katunan rigakafi. Kowa ya zo da fasfonsa da katinsa mai ruwan ɗorawa.

Saudiyya na buƙatar shaidar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i huɗu na cutar, kuma sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga ƙasar. Ta zazzaɓin shawara ma sai bayan kwana 10 take fara aiki, amma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka wanda ya taɓa yi ya nemo tsohon katinsa. Akwai kuma ɗigon shan inna. A duba sunan da ke kati ya yi daidai da na fasfo, harafi ɗaya kan jawo tsaiko a filin jirgi. Don Allah kada a sayi kati ba tare da allura ba. Cunkoson Harami ba wasa ba ne.

Masu juna biyu, dattawan da suka haura 60 da waɗanda ƙwai ke ba su matsala su fara ganin likita kafin allurar zazzaɓin shawara.

Masu hawan jini da ciwon suga su tanadi maganin da zai wuce kwanakin tafiya, a kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Tiramadol da goro kuwa a bar su a gida.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya karɓi ibada.

Kwamitin rukuni