A Fara Koya Wa Ɗalibai Darasin Robar Teku Daga Bakin Kwata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman kimiyya. Ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a Kaduna. Ranar da na ɗauko maganar yadda roba ke gurɓata teku, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu?"

Sai na ɗauki alli na zana mata hanyar. Ledar fiya wata da aka yar a kwata, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogin Kaduna, kogin Kaduna ya zuba a kogin Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya gangara har tekun Atlantika. Wani bincike na 2017 ma ya sa kogin Neja cikin koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku a duniya. Ajin ya yi tsit.

Amma abin da ya fi kama zukatansu shi ne gwajin da muka yi. Muka yanka sabuwar leda da guntun robar lemo, muka jefa a kwalabe, rabi da ruwan kududdufi, rabi da dafaffen ruwa, muka rufe muka ajiye a kan taga. Bayan mako biyu, ledar da ke ruwan kududdufi ta yi yauƙi kamar an shafa mata karkashi. Da safar hannu suka kankaro yauƙin, muka sa a ƙarƙashin maikuroskop guda ɗaya tal da makarantar ke da shi, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Yarinyar nan da ta yi tambayar ce ta fara leƙawa, ta ja da baya ta ce, "Wallahi motsi suke yi!" Har aka buga ƙararrawa ba su bar layin ba.

Wannan yauƙin gari ne guda na bakteriya da sauran ƙananan halittu da suka manne suka yi gida. A 2013 masana a Amurka sun duba robobin da suka tsamo daga tekun Atlantika, suka tarar da ɗimbin irin waɗannan halittu, har da dangin Vibrio, wato gidan da ƙwayar kwalara ta fito. Roba kuwa ba ta ruɓewa da wuri, don haka takan zame musu jirgi ta kai su nesa. Mu da amai da gudawa ke addabarmu kusan kowace damina, wannan ba labarin nesa ba ne. Na kuma gaya musu cewa a 2016 masana a Japan sun gano wata bakteriya mai cin irin robar da ake yin gorar ruwa da ita, sai dai cin nata a hankali ne ƙwarai, ba zai share mana kwatoci ba.

Gwajin nan bai ci mana kuɗin kirki ba. Ina roƙon ma'aikatun ilimi su sa shi cikin darussan aiki da hannu, su kuma samar wa kowace sakandare maikuroskop mai aiki da safar hannu. Ɗalibaina sun riga sun nemi mu maimaita shi da ruwan kogin Kaduna idan damina ta faɗi.

Na gode.

Wata malamar bayoloji,
Kaduna